Dabarar Aku da Littattafan Al'ajabi na Yara

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, da ku malamanmu da ke duba waɗannan shafuffuka, ina roƙo ku ba ni aron hankalinku a kan wani al'amari wanda ko wane ɗayanmu zai tarar da shi ran da aka danƙa masa aji nasa na kansa. Koya wa yaro baƙaƙe da wasula aiki ne mai sauƙi. Yaro mai matsakaicin fahimta, in ya sami malami mai haƙuri, cikin shekara guda ya kan haɗa ba da bi da bu, har ya karanta abin da aka rubuta masa a allo. Wuyar aikin tana can gaba, watau a sa yaron nan ya ɗauki littafi don ra'in kansa, ba malami a kansa, ba bulala, ba jarrabawa gobe, ya zauna ya karanta har ya kai ƙarshe. Yaron da bai kai wannan matsayi ba karatunsa aro ne, ran da ya bar makaranta ya kan mayar wa masu shi.

To, a ƙasashe da yawa an lura akwai wani irin littafi da ya fi sauran iya wannan aiki. Shi ne littafin labarun al'ajabi, inda wani yaro ko saurayi ke barin gida, ya shiga duniyar da ba a saba da ita ba, ya gamu da aljannu da dodanni da tsuntsaye masu magana, ya sha wuya, sa'an nan ya komo da abin da ya tafi nema. In kuwa littattafan jeri ne, na ɗaya da na biyu da na uku, mutanen cikinsu ba su sake ba, to, ƙarfinsu ya kan ninka, gama yaron da ya gama na ɗaya ya riga ya yi abokai a ciki, ba ya son rabuwa da su.

Mutanen Ingila suna da irin waɗannan da yawa. Akwai littattafai 7 na ƙasar Narniya waɗanda C. S. Lewis ya wallafa daga 1950 zuwa 1956, inda waɗansu yara suka shiga wani babban akwatin tsaye na rataye tufafi, suka ɓulla wata ƙasa wadda dabbobinta ke magana. Akwai kuma na Harry Potter, su ma 7, waɗanda J. K. Rowling ta fitar daga 1997 zuwa 2007, labarin wani maraya a makarantar koyon sihiri. Ku dubi abin da ya faru da waɗannan na biyun. Littafi na ɗaya bai wuce shafi 220 da 'yan kai ba, yaron kuwa shekararsa 11. Ko wane littafi ya kan ƙara masa shekara guda, ya ƙara kauri, har na biyar ya haura shafi 750. Yaran da suka fara da ƙaramin ba su ankara ba sai ga su sun cinye babban, abin da da an ɗora musu shi ran farko da sun gudu. A nan ƙasarmu ma, Nnedi Okorafor ta rubuta jeri na littafi 3 da Turanci, a 2011 da 2017 da 2022, a kan wata yarinya zabiya mai suna Sunny a ƙasar Ibo.

Amma ba sai mun ƙetare teku ba. Hausa tana da nata, sun kuwa girmi duk waɗannan da na ambata.

A shekarar 1933 Dakta Rupert East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, wadda da can a ke kira Hukumar Fassara, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su ƙago labaru da Hausa a buga, domin 'yan makaranta sun iya karatun boko, amma abin karantawa ya yi ƙaranci. Ya sha wuya kafin a amsa masa. Malaman zamanin suna ganin alƙalami na addini ne da waƙa da tarihi, ƙagaggen labari kuwa tatsuniya ce, aikin tsofaffin mata da yara da dare. Duk da haka aka samu waɗanda suka gwada, aka zaɓi littafi 5 aka buga daga 1934: Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na Malam John Tafida tare da shi East ɗin. Ina so ku riƙe abu guda a nan. An haifi Malam Abubakar Imam a Kagara cikin 1911, ya gama Kwalejin Katsina a 1932, yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja. Watau shekararsa 22, sabon malami, sa'an yawancinmu.

Mu mutanen Warra da sauran ƙasar Yawuri muna da wata 'yar gadara a kan biyu daga cikin littattafan nan, domin daga Kwantagora labarunsu suka taso, Kwantagora kuwa maƙwabciyarmu ce ta gabas. Alhaji Imam, gwarzon Ruwan Bagaja, mutumin Kwantagora ne. Ɗan sarki ya kwanta ciwo, Liman, mijin uwar Alhaji, ya ce ruwan Bagaja ne maganinsa, aka yi masa dariya a fada aka kunyata shi, don ba wanda ya taɓa ganin ruwan nan. Sai Alhaji ya ɗaura aniyar nemo shi. Ya bi gari gari, ko'ina ya sauka sai ya ci karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wannan ya yi wa wannan tsiya, wancan ya rama a gari na gaba, har daga bisani ya kai ƙasar aljannu ya samo ruwan. Ganɗoki kuma jarumi ne na zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, ya yi yaƙi da Turawa sa'ad da suka zo cin Kwantagora a 1901, daga nan labarin ya bar tarihi, ya ɗauke shi da ɗansa Garba Gagare zuwa ƙasashen gabas, suna fafatawa da aljannu da sarakunan da ba su cikin ko wane tarihi.

Waɗannan biyu ko wanne littafi guda ne, in ya ƙare ya ƙare. Jerin gaske ya zo ne bayansu. A 1936 aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga Katsina zuwa Zariya, East ya tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da na Hindu da na Turai, ya zauna wajen wata shida yana rubutu. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi 3, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939. Kusan duk wanda ya yi karatun Hausa ya san labarunsu ɗaya ɗaya. Abin da na ke so mu duba shi ne yadda aka gina su, domin a ganina ginin nan darasi ne na aikin malanta wanda ya kai duk abin da a ke koya mana cikin aji.

Ga yadda labarin ya ke. Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji ya daɗe bai sami ɗa namiji ba, sai jikansa Mahmudu ta wajen 'yarsa. Daga baya Allah ya ba shi Musa. Wazirinsa, wanda ya sa rai ga sarauta, ya ƙulla wa yaron sharri. Yaƙi ya tashi, Sarki ya fita da Mahmudu, ya bar Musa a gida, ya hana shi fita. Musa kuwa saurayi ne, jininsa na tafasa, kullum so ya ke ya bi su fagen fama, bai san Waziri ya ɗana masa tarko a waje ba. A gidan akwai aku biyu, mace da namiji. Musa ya fara zuwa wurin macen neman sallama, ita kuwa ta gaya masa gaskiya tsirara, ta hana shi kai tsaye. Ya fusata ya kashe ta. Da ya zo wurin namijin, sai wannan ya sake hanya. Bai ce masa kada ya tafi ba. Ya kan nuna kamar ya yarda, sa'an nan ya jefa wata magana wadda za ta sa Musa ya tambayi asalinta, daga tambaya sai labari, kafin labari ya ƙare gari ya waye, fita ta fasu sai gobe. Goben ma haka, har Sarki ya komo, asirin Waziri ya tonu, aka naɗa aku Waziri.

Ku duba, akun nan biyu gaskiya ɗaya suka sani, nufinsu kuma ɗaya. Macen ta yi wa'azi ta mutu, yaron bai ji ba. Namijin ya ba da labari, yaron ya zauna da ƙafarsa, kullum shi da kansa ke komowa. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban yara yana ce musu karatu yana da amfani, su kuwa suna kallon taga, ya san cikin akun nan biyu wanne ya kwaikwaya.

Dabarar da aku ya yi wa Musa ita ce mawallafin ya yi wa mai karatu. Masunta a tafkinmu suna da abin kamun kifi da su ke kira mamari, igiya guda doguwa, an rataya mata ƙugiyoyi da yawa a jere. Haka littafin nan ya ke. Labarin Musa da Waziri shi ne doguwar igiya, ƙananan labarun da aku ke bayarwa su ne ƙugiyoyi. Ko wane ƙaramin labari yana ƙarewa cikin zama guda, yaro ya sami biyan bukata, ya ji daɗin ya gama wani abu da kansa. Amma babban labarin bai ƙare ba. Mai karatu ya san abin da Musa bai sani ba, ya san mutanen Waziri na nan suna jira a bayan gida, saboda haka ko wane dare zuciyarsa na ɗar ɗar, yana tsoron kada labarin aku ya ƙare kafin asuba. Ƙoshi da yunwa a lokaci guda ke nan, su ne ke juya shafi.

Sa'an nan littattafan suna girma tare da yaro. Na ɗaya galibin labarunsa gajeru ne, na dabbobi da wawaye da ɓarayi, irin na Sahoro da Sahorama, waɗanda ko ɗan shekara tara zai yi dariyarsu. A na biyu an sake igiya: gasa ce tsakanin Waziri Aku da wani aku mai suna Haziƙ, wannan ya kawo labari, wancan ya kawo wanda ya fi shi, labarun kuwa suna daɗa tsawo da sarƙaƙiya, mai karatu ya zama kamar alƙali yana auna wanda ya yi rinjaye. A na uku Waziri Aku ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar ba da labari. Watau yaron da aka fara riƙewa da labari, aka sa shi ya auna labari, daga ƙarshe an buɗe masa yadda a ke yin sa. Ban san wani tsarin koyarwa da ya fi wannan bin hankali ba, an kuwa yi shi ba tare da an ce wa yaro ana koya masa kome ba.

Waɗansu masana sun bi diddigin labarun nan sun nuna inda aka ɗebo su, akwai kuma masu ganin wannan ya rage darajar aikin. Gaskiya ne an ɗebo. Shi kansa akun mutumin ƙasar Hindu ne. Akwai wani tsohon littafi nasu na hikayoyi saba'in na aku, wanda Farisawa suka juya da harshensu, a cikinsa wani attajiri ya yi tafiya ya bar matarsa, tana so ta fita wurin kwartonta, aku ya riƙa tsare ta da labari har mijin ya komo. Dubi abin da Imam ya yi da shi: ya mai da matar aure ɗan sarki, ya mai da kwarto fagen yaƙi, labarin da ba shi yiwuwa a karanta wa yara ya zama nasu. Labarin Ƙamaruzzaman daga Alfu Laila ya ke. Labarin Kalala da Kalalatu, matar nan da ta cinye kajin baƙo sa'an nan ta haɗa mijinta da baƙon gudu, asalinsa wata kuku ce cikin tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan biyu masu suna Grimm suka tara. Amma wa ya taɓa karanta Kalalatu ya ji ƙanshin Jamus? Zaure ne namu, da tabarma, da ladabin mata ga baƙon miji, da irin ba'ar da mu ke yi. Kogin Kwara ma daga duwatsun ƙasar Gini ya taso, ya ratsa kusa da Tambutu, ya bi ta Yamai kafin ya iso mu, ba wanda ya taɓa kiransa baƙo a Yelwa.

Akwai wata suka wadda ta fi wannan nauyi, ita ce kuwa za ku fi gamuwa da ita a ƙauye. Uban yaro, ko malaminsa na allo, zai ce muku littattafan nan ƙarya ce, tsuntsu ba ya wazirci, me ya sa za a cika kan yaro da abin da bai faru ba? Kada ku raina mai wannan magana, gama tsoron Allah ne ya sa shi faɗinta, mu ma da muka yi karatun allo mun taso da jin ta. Amsar da na ke gani ita ce, ƙarya ita ce a gaya wa mutum abin da ba shi ne ba don ya ɗauka shi ne. Hikaya kuwa mai faɗi da mai ji duk sun san matsayinta tun daga farko, shi ya sa kakanninmu ke buɗe tatsuniya da kalmomin da kowa ya sani, su rufe da ƙurunƙus, don kada a haɗa ta da labarin gaskiya. Manyan malamai na zaure ma suna karantar da Maƙamatu ta Hariri ga almajiran da suka yi nisa, don su ƙware a lugga, alhali kuwa Abu Zaidu da Harisu da ke cikinta ƙagaggun mutane ne, wayon Abu Zaidu kuwa bai fi na Malam Zurƙe tsarki ba. Shi Imam da kansa ya faɗi cewa su ya kwaikwaya cikin Ruwan Bagaja. Kalila wa Dimna, inda diloli biyu ke zancen mulki a fadar zaki, Ibnul Muƙaffa ya juya shi da Larabci fiye da shekara 1,200 da suka wuce, malamai ba su ƙone shi ba. In kun kawo wa malamin allo waɗannan sunaye cikin ladabi, ya san su ya fi ku.

Duk da haka ba na cewa a miƙa wa yara kome da kome ido rufe. Littattafan nan 'ya'yan zamaninsu ne. Akwai yawan ba'a ga baƙauye a ciki, kamar duk wanda ba a birni ya ke ba wawa ne, yaranmu kuwa 'yan ƙauye ne. Akwai wuraren da a ke nuna mata kamar ba su da aiki sai makirci, ga 'yan mata zaune a aji suna ji. Ganɗoki kuma yana bukatar kula ta musamman a ƙasarmu. Mayaƙan Kwantagora da littafin ke yi wa kirari su ne waɗanda suka riƙa kai hari ƙasar Kambari suna kamun bayi a ƙarshen ƙarni na 19, a cikin ajin Warra ko na Ngaski kuwa ba a rasa jikokin waɗanda aka kai wa harin. Malami ya karanta shi, littafi ne mai daɗin Hausa, amma ya tsaya ya rarrabe wa yara inda tarihi ya tsaya da inda hikaya ta fara, ya kuma bar su su faɗi abin da suka ji a gidajensu.

Bayan Imam an yi waɗansu. Malam Ahmadu Ingawa ya fitar da Iliya Ɗan Maiƙarfi a 1951, labarin wani gurgu da ya miƙe ya zama barde, wanda asalinsa jarumi ne na hikayoyin Rasha. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, inda yaro mai suna Kilba ya yi tafiya cikin sararin samaniya. Dukansu suna da kyau, amma ko wanne tilo ne, ba shi da ƙane. Littattafan yaƙi na kasuwar Kano, waɗanda suka yawaita tun daga shekarun 1990, su kam sun gane amfanin jeri, suna fitowa kashi kashi, su katse labari daidai inda takobi ya tashi sama don a sayi na gaba. Samari suna son su, ba na kuwa raina abin da ya sa saurayi karatu. Sai dai yawancinsu ba don ƙananan yara aka yi su ba, jini ya yi yawa, rubutun kuma sau da yawa ba a tsaya an gyara ƙa'idarsa ba, yaron da ke koyon rubutu zai kwashi kurakurai tare da daɗin labari.

Yanzu bari mu komo aji, mu ga yadda za a yi aiki da Magana Jari Ce a wuri irin Warra. Abu na farko da ya kamata baƙon malami ya sani, yaran da ke gabansa ba duka ne Hausa ke harshen gidansu ba. Akwai Kambari, da Gungawa, da Lopawa, da Fulani, can wajen Shanga kuma da Shangawa. Suna jin Hausar kasuwa sarai, amma Hausar littafi, mai karin magana da kirari da kalmomin fada, wata aba ce dabam. In aka miƙa wa irin wannan yaro littafin aka ce ya karanta shi kaɗai, zai yi tuntuɓe a layi na uku ya ajiye. Saboda haka malami ne zai fara zama aku. Ya keɓe rubu'in sa'a na ƙarshen yini, bayan an gama lissafi kowa ya gaji, ya karanta da murya, yana sake murya ga ko wane mai magana, Waziri da tasa, aku da tasa. Kada ya tsaya fassara ko wace kalma, labari ya kan fassara rabinsu da kansa. Kada kuma ya rufe da tambayar wane darasi muka koya, gama wannan tambaya ita ce ta kashe macen aku.

In ya yi haka kwana goma ko sha biyar, sai wata rana ya tsaya a tsakiyar labari, daidai inda ya yi daɗi, ya rufe littafin, ya ajiye shi a kan tebur inda hannu zai kai, ya fita. Littafi guda ya isa aji. Za a sami yaro ɗaya ko biyu da ba za su iya haƙuri har gobe ba, su ne za su buɗe, sauran su kewaye su. Wanda ya fara karanta wa 'yan'uwansa ya sami girman da ba ya so ya rasa, na kusa da shi kuma ya fara kishi. Daga nan sai a riƙa ba da aron littafin kwana ɗaya ɗaya, a sa wanda ya kai shi gida ya ba da labarin da safe, in ya so da Kambarci ko Gunganci, wani ya mayar da Hausa. Yaron da ya juya labari daga harshe zuwa harshe ya fahimce shi fiye da wanda ya haddace.

Ginin littafin yana da wani amfani kuma wanda ya dace da mu ƙwarai. Yaranmu ba kullum su ke zuwa makaranta ba. Ran kasuwa aji ya kan rage, lokacin da kifi ya yi yawa ɗan masunci ya kan bi ubansa cikin jirgi, lokacin dashen albasa da girbin shinkafa ma haka. Yaron da ya yi mako bai zo ba, in dogon labari guda a ke karantawa, ya ɓata ke nan, ba ya sake kama zaren. A nan kuwa abin da ya wuce shi 'yan labaru ne, babban labarin yana nan inda ya bar shi, Musa bai fita ba, Waziri bai daina jira ba. Ya zauna yau ya ji sabon labari daga farkonsa, waɗanda suka wuce shi kuma ya nemi littafin ya biya bashi.

Abu guda ne na ke nema cikin littattafan nan duka ban samu yadda na ke so ba, shi ne ruwa. Labarunsu na fada ne da kasuwa da daji da hamada, kogi in ya fito abin ƙetarewa ne kawai. Yaron da aka haifa a bakin tafki, wanda ya iya tuƙa kwalekwale kafin ya iya rubuta sunansa, ba ya ganin kansa a ciki. Alhali kuwa ban san ƙasar da ta fi tamu kayan labarin al'ajabi ba. An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya taso ya shanye gungu da garuruwa, aka tashi mutum fiye da 40,000 aka mai da su sababbin matsugunai. Tsohuwar Busa tana ƙarƙashin ruwa, tare da duwatsun da jirgin Mungo Park ya halaka a cikinsu a 1806 bayan ya wuce Yawuri. Masunta suna shawagi yau a bisa gonaki da kasuwanni da kaburburan kakanninsu. Ga ganuwar Birnin Yawuri, ga dorina, ga ayu da abin da Sarkawa ke faɗi a kansa, ga labarun 'yan ruwa da ko wace uwa ke tsorata ɗanta da su, ga tseren jirage na bikin Rigata. Marubutan Turai sai sun ƙago garin da ya nutse kafin su sa yaro ya shiga cikinsa. Namu yana nan, da sunansa, da waɗanda suka kwana a ɗakunansa.

Waɗannan mutane kuwa suna tsufa. Yaron da ke da shekara goma ran da aka tashe su, yanzu ya doshi saba'in. Wanda duk zai je gida hutu cikinmu, daga Warra ne, ko Ngaski, ko Yelwa, ko Shanga, ya tafi da littafin rubutu, ya sami ɗaya daga cikinsu bayan la'asar, ya gaishe shi, ya tambaye shi sunan gungunsu, da gefen da rana ke fito masa, da abin da su ke shukawa, da wurin da a ke hana yara wanka da dalilin hanin, da abin da tsofaffi suka ɗauka da abin da suka bari ran da jirage suka zo kwashe su. Ya rubuta da kalmomin mai faɗi, kada ya gyara masa Hausa, in da Gunganci aka faɗa ya rubuta Gungancin a gefe.